Babin da Kawu Buba Bai Ji Ba

Washegarin ganin watan Muharram na bana, 'yan mata uku suka yi sallama a gidana da ke Ƙofar Ran, ana tsaka da yayyafi. Ƙawayen autata ne, kuma dukkansu marubuta, kamar yadda suka gabatar da kansu. Babbarsu, Nusaiba, ta miƙo mini waya ta ce ta gama littafi sukutum cikin azumin da ya wuce, kullum tana sakar wa masu bibiyarta shafi guda. Tana so in duba in sa mata albarka. Na duba. Yarinyar tana da kunne, ta iya sa mutane su yi magana. Sai na tambaye ta me ta karanta a shekarar da ta fita. Ta yi dariya ta ce, "Mama, ai mu rubutawa muke yi, ina muka ga lokacin karatu?"

Ban yi mata faɗa ba. Na ce su gyara zama, ruwan ma ba zai bar su tafiya ba. Abin da na gaya musu shi zan maimaita a nan, saboda ku sauran da kuke ganin sana'ar nan ba ta buƙatar komai sai yatsa da caji.

Aikin farko da aka ba ni a harkar rubutu shi ne sa wa haruffa ƙugiya. Kawuna Buba, ƙanen mahaifiyata, yana da shago a wani lungu na Ƙofar Dumi, tsakanin mai gyaran agogo da wani baduku. Tafireta ce sana'arsa. Yana buga wa mutane takardar koke, da yarjejeniyar sayen fili, da ta neman aiki. Tafiretar ba ta san Hausa ba, babu ƙa, babu ɓa, babu ɗa a jikinta. In ya gama bugawa sai ya miƙo mini takardar da biro mai siririn baki, in bi layi-layi ina lanƙwasa kan duk harafin da ya kamata. Ina ƙarshen firamare a lokacin. Aikin kamar wasa ne a ido, amma ba za ka sa ƙugiya daidai ba sai ka fahimci abin da jimlar ke cewa. Ran da na tsallake guda a takardar wani mai ƙarar maƙwabcinsa, Kawu ya ɗaga ta ya karanta da ƙarfi: "Duk ran da ya yi sussuka kura takan cika mini gida." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Rabi'atu, kuraye nawa ne suka shiga gidan bawan Allahn nan?" Sai da na sake bin shafin daga farko.

Ladan aikina shi ne akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburinsa. Littattafai ne a ciki, yana ba da su haya ga 'yan makaranta da matan aure. Ni kuwa kyauta nake ɗauka, da sharaɗin in na dawo da littafi zan ba shi labarin da bakina. A akwatin nan na karanta tatsuniyoyi da tarihin garuruwa, da labaran matafiya, da wasannin kwaikwayo, da waƙoƙin wa'azi na ajami waɗanda sai da ya zaunar da ni ya koya mini bin su. Da na ƙare akwatin na koma tsofaffin jaridun Hausa da yake tarawa a saman kabad. Har takardar da aka naɗo mana ƙosai a ciki nakan buɗe in karanta, mai ya jiƙe rabin labarin, in ƙarasa sauran a kaina. Wani littafin babu bango, wani babu farko, saboda haka akwai waɗanda suka raine ni har yau ban san sunan wanda ya rubuta su ba.

Duk shigowar sabuwar shekara Kawu yakan rufe shago rana guda, ya fito da littattafan nan tsakar gidansa. Ya jiƙa ƙaro a gwangwani, ya kawo allura babba da zaren ɗinki, da kwalayen sabulu da ya yanka daidai girman littafi. Wanda shafinsa ya saki a ɗinke, wanda bangonsa ya mutu a yi masa sabo, a ɗora dutsen niƙa a kai har ya bushe. Ni nake shafa ƙaron. Muna cikin yi zai fara tambaya: me na karanta bana? In lissafa. Sai ya ce, "Ban ce ki ƙirga mini ba. Wanne ne ya zauna miki?" In na faɗa sai ya ce me ya sa, kuma ba ya karɓar amsar "ya yi daɗi". Sai ka nuna masa wurin, ka ce ga jimlar da ta kama ka. Haka muka riƙa yi har na yi aure, har na haihu, har na fara furfura. Tsawon shekarun nan bai taɓa fara tambayata abin da na rubuta ba.

Labarina na farko a littafin rubutu na 'yan makaranta na yi shi, guda biyu cike, lokacin ina koyarwa a firamare, ina goyon ɗana na fari. Na kai masa shago ina jin kaina. Na ce ya buga mini. Bai ko buɗe ba, ya turo mini shi ya ce in karanta ya ji. Ban yi nisa ba ya ce, "Tsaya. Sake." Na sake, harshena ya sake harɗewa a wuri ɗaya.

"Kin ga," in ji shi, "bakinki ma ya ƙi ɗaukarta. Soke."

Muka je wurin da wata uwa ke yi wa 'yarta nasiha, shafi biyu cur ba ta numfasa ba. Ya tambaye ni, "Yaya Hauwa ta taɓa yi miki magana haka?" Mahaifiyata yake nufi. Na ce a'a. Ya ce, "To ita ya take yi?" Na ce takan faɗi kalma biyu ne ta ci gaba da tankaɗe. Ya ce, "Rubuta tankaɗen."

Daminar nan kaf muka yi a kan littafin. Abin da ya saura bai kai rabi ba. Sannan ya sa takarda da kabon mai fitar da kwafi a tafireta, ya buga, ni kuma na koma aikina na dā, ina sa wa maganata ƙugiya.

Ku yanzu kuna danna waya labari ya isa ko'ina kafin ku ajiye ta. Mu sai an ɗauki takardun a jakar leda, an sa a ƙirji saboda ruwa, an hau mota zuwa Kano wurin masu ɗab'i. Maigidana ne ke kai mini. Bayan makonni su aiko da gwaji, wato bugun farko da za ka bi ka fitar da kurakurai. Nan ido ke ƙarewa. Ka karanta abin da ka riga ka haddace, ido ya riƙa ganin abin da ya kamata ya kasance, ba abin da ke kan takardar ba. Kawu ya koya mini in sa rula a ƙarƙashin layi, in fara daga shafin ƙarshe in yo baya, don kada daɗin labari ya ja ni. Duk da haka sai littafi ya fito ka buɗe ka ga kuskure yana kallonka a shafin farko.

Masu sayen kaya kuwa kala biyu ne. Akwai 'yan kasuwa, irin wani Alhaji mai rumfar littattafai a kasuwar Muda Lawal, wanda ban taɓa ganin ya karanta layi ɗaya ba. Yakan ɗora littafi a tafin hannu ya ji nauyinsa, ya dubi bango, ya ce, "Hajiya, a raba shi kashi uku, a tsaya inda ake kuka." Da shi muka yi shekaru, muna ja yana ja, kuma ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Akwai kuma masu karatu, yawanci mata. Wata mai kitso ta taɓa zuwa har gida da littafina a cikin mayafi. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Baiwar Allah, wa ya ba ki labarina?" Na rantse mata ban santa ba, ban san wanda ya santa ba. Ta buɗe wani shafi da ta lanƙwasa, inda wata mata ke wanke rigar ɗanta da ya ɓata duk Juma'a, tana shanyawa, tana gogewa. Ta ce, "Ko mijina bai san ina yin wannan ba." Ta tsaya tana kallona, ta juya ta fita. Ban sake ganinta ba. Tun daga ranar nake jin nauyin duk abin da zan sa wani mutum ya yi a takarda.

Mummunar shekarata ta zo ne bayan waya ta shiga hannun kowa. Na buga wani littafi da na daɗe ina aiki a kansa, na zuba abin da na mallaka a ciki. Kafin kwalayen su gama isowa daga Kano, wani ya ɗauki hoton shafukan ya watsa a waya. Alhajin Muda Lawal ya karɓi kwali guda saboda kunya, ya ce, "Hajiya, kasuwar nan ta mutu, ni ma jakunkunan makaranta zan koma sayarwa." Sauran na jibge su a wani tsohon ɗakin ƙasa a bayan gidanmu, inda nake ajiye littattafaina na karatu. Har da akwatin ƙarfen Kawu, don ya ba ni shi tun da masu haya suka ɗauke ƙafa.

A tsakiyar daminar shekarar aka yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Wata safiya ina dama koko na ji wani sauti kamar an sauke buhu. Azara ce ta karye, rufin ya zauna a kan komai. Da ruwa ya tsagaita muka shiga da shebur. Kwalayen sun zama kunu. Akwatin ƙarfen da na zata zai tsira, ashe tsatsa ta cinye gindinsa, ruwan laka ya kwana a ciki. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida muka baza abin da ya samu, ina raba shafi da shafi da bakin wuƙa. Wasu sun rabu, wasu sun manne sun zama kamar katako. Nawa littafin ban tsaya a kansa ba, yana kaina, ana iya sake shi. Amma waƙoƙin ajamin nan, da marasa bangon nan da ban san sunansu ba, ina zan je in ce a ba ni irinsu?

Na je in gaya wa Kawu. Na same shi a shago, lokacin ya daɗe da komawa buga takardu jefi-jefi, don masu kwamfuta sun kwashe aikin. Na tarar yana riƙe da wata takarda dab da hancinsa, yana juya kai gefe kamar mai leƙen ƙofa. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya mayar da alheri. Sannan ya miƙo mini takardar ya ce, "Duba mini nan, layi nawa na buga a kan juna?" Layuka uku ne ya haɗe wuri ɗaya. Ashe ya jima yana ɓoyewa. A asibiti suka ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye jijiyar, abin da ya tafi ba ya dawowa. Kafin wata damina ba ya bambance dare da rana. Aka rufe shagon, mai cajin waya ya kama wurin.

Daga nan na koma mai karanta masa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan hau keke mai ƙafa uku in je gidansa. Ya zauna a kujerarsa ta tsakar gida, ni a tabarma, matarsa Inna Dije tana gefe tana ɓarar gyaɗa ko tsince shinkafa. Ita ba ta yi boko ba, kuma ba ta sa mana baki. Na karanta masa duk abin da na samu: aro daga laburare, aro daga tsofaffin malamai, littattafan fassara, har da rubutunku na waya, don ya ce shi ma yana so ya ji me yara ke yi. Wani lokacin ya yi tsaki, wani lokacin ya ce, "Wannan yarinyar ta san mutane, a ce mata ta rage sauri." A shekarun nan na gane cewa wanda ke karatu da ido yana tsallake abin da ya ga dama, amma mai karanta wa wani ba shi da wannan damar. Dole ka bi kowace kalma ka ɗauke ta da numfashinka. Littattafai da yawa da nake girmamawa sun faɗi a tsakar gidan nan, wasu da na raina suka miƙe.

Bayan rushewar ɗakin na daɗe ban rubuta komai ba. Shi ne ya takura mini. Bara da muka zauna zaman sabuwar shekara, babu littafin ɗinkewa, sai hira, ya ce, "Kin ciyar da ni abincin mutane ya isa. Ina naki?" Sai na fara wani labari, na Hansai mai ƙuli-ƙuli da mijinta Ɗanlami direban babbar mota, waɗanda suka tsufa tare ba su samu haihuwa ba. Duk Juma'a in kawo babi guda, ya saurara ido a rufe, yana tsayar da ni inda ya saba. Muka kai inda Ɗanlami ya dawo daga wata tafiya da tari, ya kwanta. A nan Kawu ma ya kwanta. Juma'ar da ta zo kafin Babbar Sallah na je da babi na gaba a jaka, na tarar ba ya iya zama. Ya ji motsin takarda ya ce, "Ajiye shi, Rabi'atu, sai na warware. Ba na son in ji shi da rabin kunne." Bayan Sallah da 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, Inna Dije na riƙe da kofin da take ba shi ruwa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

To wannan ce shekarar karatuna da ta fita. Rabinta na karanta rubutun kaina ga mutum ɗaya, ƙarshenta na karanta takardun magani. Wannan ne karo na farko tun ina yarinya da Muharram ya kama babu wanda zan kai wa bayanin abin da na karanta. Na gaya wa 'yan matan nan cewa ni ban san wata hanyar koyon rubutu ba sai wannan: ka karanta na wasu har kunnenka ya buɗe, sannan ka samu wanda ba ya jin kunyarka ka karanta masa naka. Nusaiba ta mayar da wayarta jaka. Ruwa ya ɗauke, suka yi mini ta'aziyya suka tafi. A nan labarin ya tsaya a ranar. Sauran ya faru ne bayan tafiyarsu.

Ran cika-ciki na dafa tuwo da miyar kuka, na sa busasshen naman layya da na ajiye, na kai wa Inna Dije. Tana cikin takaba, ba ta fita ko zaure. Na same ta a ɗaki a kan tabarma, ta rame, carbi a hannu. Ta ci loma kaɗan ta rufe kwanon. Can ta ce, "Rabi, ya jikin mutumin nan?"

Na ce, "Wane mutum, Inna?"

"Ɗanlami mana. Kun bar shi a kwance."

Ban taɓa sanin tana bin labarin ba. Babin yana cikin jakata tun waccan Juma'ar, ban fitar da shi ba. Na ce in tana so in karanta mata. Ta gyara zama, ta ajiye carbin a cinya. Na fara. Hansai ta jiƙa saiwa ta ba shi, ta sayar da turminta ta kai shi asibiti, tarin ya ƙi sauka. Ina juya shafi Inna ta ɗora hannu a gwiwata.

"Rabi, kada ki kashe mata shi. Ba ta da kowa. Ki bar mata shi."

A shafin da ke hannuna Ɗanlami ya riga ya mutu. Na rubuta mutuwarsa tun kafin Kawu ya kwanta, kuma labarin gaba ɗaya can ya dosa tun daga layin farko. Duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban taɓa canza makomar mutum a littafi don wani ya roƙe ni ba. Na dubi takardar. Na buɗe baki na ce da asuba zazzaɓin ya sauka, Ɗanlami ya buɗe ido ya nemi kunu. Na ce Hansai ta tashi ta hura wuta. Na ce ya sha rabin kwano, ya yi ƙorafin babu tsami, ta ce masa wanda ya dawo daga bakin kabari ba ya zaɓen kunu. Ina ƙirƙira ina faɗa, kaina a sunkuye a kan shafin, har na fito da shi tsakar gida ya zauna a rana, tana yanke masa farce.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta ce, "Rabi."

"Na'am, Inna."

"Tun ina amarya nake kallon masu karatu a gidan nan. Idon mai karatu tafiya yake yi. Naki tun ɗazu a tsaye yake wuri ɗaya."

Na fara naɗe takardun zan mayar jaka. Ta riƙe hannuna.

"A'a, buɗe. Ci gaba a haka. Ya gama shan kunun, sai me ya ce mata?"

Na buɗe, na ci gaba, har aka kira la'asar.